Na Ɓuya Cikin Zanin Gado Ranar Halowin

Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto mini cewa in ji tsoron Allah in daina wasa da zuciyar ɗan mutane. 'Yar'uwa, ban goge saƙonki ba, kuma ban ji haushinki ba. Da kin san abin da na aikata ranar Alhamis ɗin nan, da abin da za ki rubuto ya fi wancan zafi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Renata, amma Rena kowa yake ce mini. Shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a wani gidan wanki da guga a nan Toledo ta Amurka, ina zaune da mahaifiyata da kuma 'yata Tilly mai shekara bakwai. Uban Tilly ya kama gabansa tun tana rarrafe, kuma ba zan ɓata bakina a kansa yau ba. Maganar Nolan ce. Yana aiki a kantin magani, ya kawo mana wankin rigunansa a watan Yuni, ya dawo ya karɓa, bayan kwana biyu ya sake dawowa da rigar da ko sa ta bai yi ba. Wata huɗu ke nan muna tare. Ya san ba na cin ɗanyar albasa, ya san lambar takalmina, ya san sunan karen da muka yi kiwo ina ƙarama. Bai san ina da 'ya ba.

Kada ku yi mini wannan kallon, ni ma na san ban kyauta ba. Maza biyu na gaya wa gaskiya tun ranar farko. Na farko ya ce shi fa yana mutuwar son yara, daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba. Na biyu ko abincinsa bai ƙarasa ba. Shi ya sa da Nolan ya zo na ce bari in ɗan jinkirta zuwa fita ta uku. Ta uku ta wuce, ta goma ta wuce, maganar kuma kullum sai ƙara nauyi take a bakina. Duk ranar da za mu fita sai na ciro kujerar Tilly daga bayan mota na jefa a but, na kakkaɓe ɓurɓushin biskit, na cire hotonta daga fuskar wayata na sa hoton wani teku da ban taɓa zuwa ba. In na dawo gida sai in mayar da komai tun a ƙofar gareji, kafin ta rugo ta rungume ni.

Mama tana kallona ta tagar kicin duk lokacin da nake wannan aikin.

"Renata," in ta kira cikakken sunana to babu alheri, "yarinyar nan kayan sata ce da kike ɓoyonta?"

"Mama, zan gaya masa."

"Yaushe? Ranar da za ta riƙe miki fure a coci? Ki ce masa 'yar maƙwabta ce ta bi ki?"

"Na ce zan gaya masa!"

"Ki yi wa wani tsawa, ba ni ba. Ni na haife ki ina da shekara goma sha tara, ko sau ɗaya ban taɓa sa ki a but ba."

"Kujera ce nake sawa a but, ba ita ba."

Ta taɓe baki ta ci gaba da yankan kabeji. Mama ba ta buƙatar ta ci nasarar gardama, shirunta ya ishe ta.

To, a haka watan Oktoba ya kama, hankalin kowane yaro ya koma kan shigar da zai yi ranar Halowin, daren da yara suke ɓad da kama su bi gida-gida ana ba su alewa. Tun watan Satumba Tilly ta ga wasu fuka-fukan malam-buɗe-littafi a kanti, ruwan lemo da baƙi, masu ƙananan fitilu a gefe da suke kawowa suna ɗaukewa. Dala arba'in da biyar. Na yi mata alkawari, na kuma ware kuɗin na sa a gwangwanin shayi. Sai abokin Nolan ya yi aure, Nolan ya ce in raka shi, ni kuma na ga wata koriyar riga mai buɗaɗɗiyar kafaɗa da ta zauna mini kamar don ni aka ɗinka. Kun riga kun san inda kuɗin gwangwanin ya tafi. Da Tilly ta tambaye ni, na tsuguna a gabanta, na kalli tsakiyar idonta, na ce mata na je kantin an ce sun ƙare.

Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Cewa ta yi, "Ba komai, Mami. Wata yarinyar ta riga ni."

Na ce mata ai namu da za mu haɗa a gida sai sun fi na kanti kyau. Na ɗebo hangar rataye kaya guda huɗu na ƙarfe daga wurin aiki, na miƙar da su na lanƙwasa, biyu manya na sama, biyu ƙanana na ƙasa. Mama ta ba da tsofaffin dogayen safarta masu shara-shara, muka ja su a kan ƙarfen har suka miƙe tas. Fenti ruwan lemo da baƙi muna da ragowarsa tun aikin makarantar bara. Ƙyalli da gam ne kawai na saya. Robar da za ta rataya a kafaɗa kuwa daga ƙugun wani tsohon wandon barcina na zaro ta. Yammaci uku muka yi a kan teburin kicin, har a cikin miyar Mama sai da aka tsinci ƙyalli.

"Busia, kalle ni!" Haka take kiran Mama, kamar yadda nake kiran tawa kakar. Ta ɗaura fuka-fukan tana zagaya falo, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Kai, kai, wannan ai sai ta tashi sama," in ji Mama. "A rufe taga kada a rasa jikata."

"Na kanti ma ba su kai waɗannan ba, ko Mami?"

"Ko kusa," na ce, na juya ina goge gam daga yatsuna don kada ta ga fuskata.

A daren na ukun ne, muna cin abinci, Tilly ta saki maganar da ta sa cokali ya kusa faɗuwa daga hannuna.

"Bana layin Alder za mu je. Ƙawata Opal ta ce a can ba ƙananan alewa suke bayarwa ba, cakulan babba guda, kowa ɗaya. Busia ta ce za ta kai mu."

Layin Alder. Gida na shida daga kwana, mai shuɗiyar ƙofa, wanda kakar Nolan ta bar masa. Ni da na sha zama a barandar gidan ina shan kofi.

Na kalli Mama. Tana shafa bota a burodi hankalinta kwance, kai ka ce ba da ita ake ba.

"Me ya sami layinmu?" na ce.

"Layinmu gida huɗu ne kawai suke kunna fitilar raba alewa," in ji Mama. "Ɗaya kuma tsohuwar nan ce mai raba buroshin haƙori. Kowa yana kai 'ya'yansa unguwar masu hali, mu ne za mu zauna?"

"Akwai unguwanni da yawa, Mama."

"Akwai. Amma Alder yarinya ta ce. Ko akwai wani dalilin da zai hana mu zuwa Alder? Faɗa mata, ga ta nan."

Tilly ta zuba mini ido, bakinta duk miya. Na ce babu. Har yau ban sani ba ko Mama ce ta sa mata sunan layin a baki ko kuwa Opal ɗin ce da gaske, amma na san Mama ta taɓa ganin adireshinsa a jikin furen da ya aiko mini.

Kamar an haɗa baki, ina wanke kwanoni saƙon Nolan ya shigo.

"Sarauniyar guga, ranar Alhamis ki zo mu raba alewa tare. Na sayi katan biyu, na fafe kabewa uku, ɗaya ta yi kama da maigidanmu na wurin aiki."

"Kash, mura ce take son kama ni. Kada in shafa wa yaran mutane."

"Ayya. In kawo miki magani? Ai sana'ata ce."

"A'a, Mama tana kula da ni. Kai dai ka ɗauko mini hotuna."

"An gama. Ki sha ruwan zafi da zuma. Ina kewarki."

Na kifa wayar a kan firij na tsaya ina kallon kumfa. A nan dabarar ta zo mini, kuma Allah ya sani a lokacin har daɗi na ji, ina ganin na yi wayo.

Ranar Alhamis na taso aiki ƙarfe huɗu. Garin ya yi sanyi mai shiga ƙashi, iska tana kwasar busassun ganye tana watsawa a titi. Mama ta dafa miyar wake da niƙaƙƙen nama, don doka ce a gidanmu ba a fita yawon alewa da yunwa. Sai rigimar kowace shekara ta tashi.

"Ba zan sa rigar sanyi ba! Malam-buɗe-littafi ba ya sa rigar sanyi!"

"Na Toledo yana sawa," in ji Mama. "Miƙo hannu."

"Mami, ki gaya mata! Za ta rufe mini baƙar rigata!"

"Sa kawai, Tilly. Fuka-fukan a sama za su zauna, kowa zai gani."

Muka cusa ta cikin jibgegiyar rigar sanyinta mai ruwan hoda, sannan muka ja robar fuka-fukan a kanta. Ni na auna robar, kuma a kan 'yar riga na auna, ban yi tunanin rigar sanyi ba. Ta miƙe har tana ƙara. Na ga haka da idona, na ce a raina awa biyu ce kawai, za ta riƙe. Hankalina yana wani wuri.

Na shiga ɗaki na buɗe durowa na zaro farin zanin gado, na yanke ramuka biyu na ido da almakashi. Na sa baƙin wando, na zura takalman lambun Mama na roba, saboda duk takalmana Nolan ya san su. Ko turare ban fesa ba. Da na fito falo Tilly ta daka tsalle tana tafi.

"Mami ta zama fatalwa! Busia, Mami ta zama fatalwa!"

Mama ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Wannan zanin da muke shimfiɗa wa baƙi ne."

"Zan saya miki wani."

"Rabonki da shigar Halowin tun kina shekara goma sha biyu. Kika ce na yara ne."

"Bana na ga dama."

"Uhm. Da takalmina."

Na tsuguna wajen Tilly na ce, "Ji nan, wasa za mu yi. Fatalwa ba ta magana. Daga mun sauka daga mota har mu dawo, ba zan ce uffan ba. In na yi magana na faɗi, in ban yi ba na ci. Kin yarda?"

"Na yarda! Sai na sa ki dariya kin faɗi!"

Mama ta ɗauki makullin mota ta fita.

Ƙarfe shida da 'yan mintuna muka isa. Layin ya cika maƙil, motoci sun jeru har kwana. Mama ta ce ita ƙugunta ba zai iya yawo ba, za ta jira mu a mota ta kunna hita ta ji ɗumi. Muka sauka, ni da Tilly da rigar filon da za ta tara alewa a ciki. Mayu, 'yan kwana-kwana, kwarangwal, wani jariri da aka yi wa shigar kabewa yana barci a kafaɗar ubansa. Kusan kowane gida fitilar barandarsa a kunne. Iyaye suna tsayawa a bakin titi kamar yadda aka saba, yara su hau su ƙwanƙwasa.

"Alewa ko ɓarna!"

Haka yara suke faɗa in an buɗe musu ƙofa, muryar Tilly kuma ta fi ta kowa. A gida na biyu wata dattijuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Wa ya yi miki waɗannan fuka-fukan?" Tilly ta nuno ni da alfahari ta ce, "Mamina! Da hanga!" Na ɗaga hannu daga cikin zani. Duk gidan da ta sauko sai ta buɗe mini rigar filon in leƙa, ta murguɗa mini baki, ta yi mini gwalo, wai sai na yi dariya. Ni kuwa ƙirga gidaje nake. Uku. Huɗu. Ina ta addu'a a raina Allah ya sa alewarsa ta ƙare ya kashe fitila.

Fitilarsa ta fi ta kowa haske. Kabewa uku a kan matakala da kyandir a ciki, saƙar gizo-gizo ta auduga a jikin ginshiƙi. Shi kuma yana tsaye a bakin shuɗiyar ƙofar da hular masu dafa abinci da gashin baki na roba, riƙe da babbar tukunya cike da cakulan. Yana tsugunawa ya yi wa kowane yaro magana, ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa. Ban taɓa ganinsa da yara ba sai ranar. Wata huɗu ina tsoron abin da ban ko gwada ba.

Na tsaya a gindin bishiyar da ke bakin titi, nesa kaɗan da sauran iyaye. Tilly ta hau. Na ji shi yana cewa, "Tabɗi! Yau ga babbar baƙuwa. Daga wace gona kika taso, 'yan mata?" Ta ƙyalƙyale da dariya. Ya ce ta zaɓa da kanta. Ta zaɓa, ta yi godiya, ta juyo tana ɗaga mini cakulan sama don in gani.

A nan robar ta tsinke. Fiffiken hagu ya zame ya faɗo tsakanin ƙafafunta, ta taka shi, ta tafi gaba ɗaya. Matakala huɗu ce ta siminti. Na ji ƙarar gwiwarta daga inda nake. Alewa ta watse ko'ina, kabewa ɗaya ta gangaro ta fashe.

Ta ɗago kai, ba ta ma fara kuka ba tukuna, ta nemo ni da ido ta ce a hankali, "Mami."

Ƙafata ta ɗaga, wallahi ta ɗaga. Sai na ga ya ajiye tukunya ya sauko da gudu, na ga in na isa wurin fuskata da tasa ba za su wuce taku ɗaya ba, kuma dole in yi magana. Sai na mayar da ƙafar.

"Mami!"

Yanzu kuka take sosai. Ya ɗaga ta ya zaunar a matakala, ya naɗe ƙafar wandonta. Ko daga nesa na ga jinin. Ya ɗaga murya ya ce, "Ina mahaifiyar yarinyar nan?" Iyayen da ke wurin suka fara waige-waige. Wata mata mai shigar mayya ta kalle ni, ta kalli Tilly, ta sake kallona.

"Mami, zo mana!"

Na tsaya. Ina jin numfashina yana dawo mini da zafi cikin zanin, ina kallon 'yata ta ramuka biyu. Ina ce wa kaina ai ƙujewa ce kawai, ai yana kula da ita, ai ya fi ni sanin magani. Duk wannan na faɗa wa kaina, kuma duk gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin tsayuwata ba.

Ya shiga ciki da sauri ya fito da akwatin magani da salatif. Kafin ya fito ta sake kira sau ɗaya, muryarta ta riga ta dushe. Daga nan ba ta ƙara ba. Ya wanke ciwon, ya manna filasta, yana ta yi mata hira har ta fara jan hanci maimakon kuka. Ya miƙar da ƙarfen fiffiken da hannunsa, ya naɗe robar da salatif, ya mayar mata. Wasu yara suka taya shi tsince alewar. Ya ƙara mata cakulan biyu. Sannan ya kama hannunta suka sauko, ita tana ɗingishi tana nuna masa bishiyar da nake.

Ya tsaya a gabana. Har ƙamshin sabulunsa ina ji.

"Baiwar Allah, 'yarki ce?"

Na gyaɗa kai.

"Ta fasa gwiwa. Na wanke na rufe, amma ki sake dubawa in kun je gida."

Na sake gyaɗa kai.

Ya cire gashin bakin robar ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. "Ba ki ji tana kiranki ba ne?"

Sai Tilly ta saki hannunsa ta kama gefen zanina, ta ɗaga kai ta ce masa, "Ba laifinta ba ne. Fatalwa ba ta magana. Wasa muke, in ta yi magana ta faɗi."

Ya daɗe yana kallon ramukan idona. Na sunkuyar da kai ina kallon takalman Mama. Ya shafa kan Tilly ya ce, "Ki kula da fuka-fukan nan, sun fi duk na yau kyau." Ya juya ya koma wajen yaran da ke jiransa.

Tilly ta ce ta gaji, mu koma mota. Sauran gidaje fiye da goma, fitilunsu duk a kunne, ko kallonsu ba ta yi ba. Muna shiga na yaye zanin. Ta ce, "Kin ci, Mami," ta jingina kanta da gilashi. Mama ta waiwayo ta ga filastar, ta ga salatif, ta ga fuskata.

"Me ya faru?"

"Na faɗi a gidan mai hular girki," in ji Tilly. "Shi ya gyara mini."

"Uwarki tana ina?"

"Tana wajen bishiya."

Mama ta tayar da mota. Har muka isa gida idonta yana kan titi. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Kafin ƙarfe takwas muna falo. Tilly ta zazzage rigar filon a kan kafet, ni ina duba kowace alewa ko ledarta a buɗe take, ita tana ware su kashi-kashi. Na cire filastar na duba ciwon. Ya wanke shi tsaf, babu abin da ya rage mini in yi sai in mayar da sabuwa. Ta turo mini babban cakulan ɗaya daga cikin nasa.

"Naki, saboda kin ci wasa."

"Tilly, ki yi haƙuri. Da na zo."

"Ai da kin faɗi." Ta ci gaba da jera alewarta, ba ta kalle ni ba. Can ta ce, "Amma baɗi kada ki yi fatalwa. Da nake kuka ban gane ko kina kallona ba."

Na tashi na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ta ji ni. Ina zaune a bakin baho wayata ta yi ƙara. Hotuna ne kamar yadda ya yi alkawari: kabewar da ta fashe, tukunyar da ta koma wayam. Sai dogon saƙo a ƙasa.

"Yaya murar? Ni dai raina a ɓace yake. Wata 'yar yarinya ta faɗi a matakalata ta fasa gwiwa, tana ta kiran uwarta, matar tana tsaye a bakin titi cikin zanin gado ko motsi ba ta yi ba. Wai wasa suke. Yarinyar ce ma take kare ta. Rena, wace irin uwa ce wannan? Na kasa cire abin daga raina."

Na karanta sau uku. Na rubuta "Ayya, abin tausayi," na tsaya ina kallon kalmomin. Da na tura, da shi ke nan, na tsira, gobe in sake jefa kujera a but. Ta ƙasan ƙofa ina jin Tilly tana gaya wa Busia wace alewa za ta kai wa Opal.

Na goge. Na rubuta, "Ni ce a cikin zanin. Sunanta Tilly, shekararta bakwai. 'Yata ce." Na tura kafin hannuna ya canja shawara.

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ɗigo uku na alamar yana rubutu suka bayyana, suka ɓace. Suka sake bayyana, suka sake ɓacewa. Na wanke fuskata na fito falo na zauna a ƙasa kusa da Tilly, na ajiye wayar a kan kafet a fili, ban kifa ta ba. Mama tana tsaye a ƙofar kicin da tawul a kafaɗa.

Wayar ta fara ruri. Tilly ta leƙa ta karanta a hankali, "No-lan. Mami, waye Nolan?"

"Mai hular girki ne," na ce. Na jawo ta na ɗora a cinyata, sannan na ɗauka.

Bai yi sallama ba, bai kira ni sarauniyar komai ba. Muryarsa a ƙasa take, kamar ta wani baƙo.

"Gwiwar ta daina jini?"

"Ta daina."

"To."

Ina jin numfashinsa, ina jin na Tilly a wuyana.

"Sau uku ta kira ki, Rena. Ina ƙirgawa."

Na rungume 'yata da hannu ɗaya, na ce masa, "Huɗu ne."